Inuwar da Aka Yi wa Ƙofa

Idan aka tambayi magidanci a ƙasar Tudun Wada ko Ƙiru girman gidansa, ɗakuna zai ƙirga. Zai ce ɗaki huɗu da zaure, ko ya ce ciki da falo biyu, in ya yi nisa ya haɗa da rumbu da rijiya. Da wuya ya ambaci tsakar gida, ballantana rumfar da ke jingine da bangon ɗakin uwargida, alhali a ƙarƙashinta ne mutanen gidan suke cinye mafi yawan yininsu. Abin da ba shi da ƙofa ba ya shiga lissafi. Shi ya sa da zarar wani ɗan gida ya sami ɗan sarari a aljihu, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne ya kewaye rumfar nan da bulo, ya ɗora mata kwano, ya kira ta falo. A ganinsa fili ne yake zaune a banza, shi kuwa ya mai da shi ɗaki.

Nazarin ginin Hausa ma ya fi karkata ga abin da magini ya ɗora hannu a kai. An yi rubutu mai yawa a kan zaure da soro da baka da ɗaurin guga, da Masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. Schwerdtfeger (1982) ya nuna yadda gidajen birnin Zariya suke faɗaɗa su kuma tsuke gwargwadon yawan iyali, Moughtin (1985) kuma ya bi diddigin fasalin gida da gari. Rumfa kuwa ba aikin magini ba ce. Ba ta da sarki, ba a gadon sana'arta, duk namijin da ke da gatari da igiya zai iya kafa ta a yini guda. Amma tun 1969 Polly Hill ta jawo hankali ga cinikin da matan kulle suke yi daga cikin gidajensu, wanda ido ba ya gani a kasuwa. Ciniki kuwa sai da wurin yin sa. Wurin shi ne tsakar gida da rumfarta.

Yankin da ake magana a kansa shi ne wanda matafiyi yake ratsawa idan ya baro Kano ta hanyar Zariya, ya keta ƙasar Bebeji, ya karya a Kwanar Ɗangora ta ƙasar Ƙiru, ya miƙa Tudun Wada, ya shiga dajin Falgore ya ɓulla Doguwa. Damina a nan ta fi ta arewacin jihar tsawo da nauyi. A gefen Doguwa ruwan shekara yakan kai milimita 1,000 ko ya haura. Ƙasa ce ta masara da rake da shinkafa. Madatsar ruwan Tiga, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo, ta ƙara yawan shinkafar da ke yawo a kasuwannin kudancin Kano, Tudun Wada kuwa ta yi suna da injinan casa. Kafin shanshera ta kai ga inji, hannun mata take fara bi: su jiƙa, su turara, su shanya. A irin wannan ƙasa, inda hadari kan taso daga gabas da iska mai ƙarfi kafin a farga, rumfa tana da aikin da ya wuce a zauna a sha inuwa.

Akwai wani gida a ɗaya daga cikin ƙauyukan da ke gefen titin Tudun Wada. Maigidan ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya uku, ba a kuwa raba gado ba, kamar yadda aka saba jinkirtawa muddin uwa tana raye kuma ba a ji kan kowa ba. Babban ɗan malamin makaranta ne a Kano. Mai bi masa manomi ne, shi ke zaune a gidan da matarsa da yara biyar. Autar tana aure a ƙasar Bebeji. Ɗakin tsohuwar, wadda kowa ke kira Inna, ginin tubali ne mai rufin azara, ya ba gabas baya. A gabansa marigayi ya kafa rumfa tun suna da ƙuruciya, da dirkoki shida na ƙirya, itacen da gara ba ta cika iya masa ba. Rufin kara ne da zana, ana sabunta shi bayan kaka. Wanda ya kafa ta ya san abin da yake yi, domin ɗakin ne ke tare mata feshin ruwan gabas, da la'asar kuma a saki asabari ta yamma.

A ƙarƙashin rumfar nan turmi yake, da randa, da dutsen niƙan da aka daina amfani da shi amma ba a yarda a fitar ba. Nan ake kitso, nan maƙwabta ke zama idan sun shigo barka ko gaisuwa, nan ake tura murhu idan ruwa ya hana girki a fili. Sai kuma aikin shinkafa, wanda Inna ta koya wa surukarta har ya zama shi ne jarinta. Ana baza turararriyar shanshera a kan tamfol a tsakar gida. Idan rana ta yi tsanani sai a ja tamfol ɗin zuwa inuwa ta huce, domin shinkafar da aka busar da gaggawa a rana takan tsage a cikin ɓawonta, in ta je inji ta kakkarye, farashinta ya faɗi. Idan kuma hadari ya taso, mace ɗaya da yaro sun isa su ja buhu guda zuwa ƙarƙashin rumfa kafin ɗigon farko ya sauka. Ba bango, ba dokin ƙofa, ba abin da zai tare tamfol.

Babban ɗan ba ya cikin masu yin abu don a gani. Dalilansa na gaskiya ne. Inna tana fama da tari duk hunturu, ƙurar da ke shigowa tsakar gida kuwa ba ta da mai tare ta. A marka rufin kara yakan jiƙe ya yi ta ɗiga kwana da kwanaki. Sannan akwai abin da bai faɗa wa kowa ba: ranar da abokan aikinsa suka zo daga Kano gaishe da Inna, aka shimfiɗa musu tabarma kusa da turmi, kaza tana ratsa su, ya ji nauyin abin har ya koma. Da ya sami wasu kuɗin bashin albashi a farkon 2024, sai ya zo ya durƙusa daga gefe ya ce, "Inna, ina so a gyara miki wurin nan kafin ruwa ya sauka." Ta kau da kai ta ce, "Allah ya yi albarka."

Wanda ya san gidan Bahaushe ya san wannan addu'a ba ta nufin e, ba ta kuma nufin a'a. Ɗan fari ne. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi, balle ta zauna su yi ta ja-in-ja a kan turmi da tamfol. Abin da ke ranta ta hannun autarta ta aika: "Ki ce wa yayanku, turmi fa ba ya shiga falo." Autar ta isar da saƙon ta waya, cikin dariya, shi ma ya yi dariya ya ce za a sama wa turmi wuri. Surukar kuwa, wadda abincinta ya rataya a kan wurin, ba ta da bakin magana da yayan miji. Ta gaya wa mijinta, shi kuma ya ga bai dace ya tare yayansa daga yi wa mahaifiyarsu alheri da kuɗinsa ba. Wato mutum biyun da suka fi kowa amfani da rumfar su ne daidai mutum biyun da kunya ta hana su magana da mai ginin. Ana yawan nazarin kunya a matsayin ɗabi'a ko salon magana. Ga ta nan tana yanke shawarar inda za a aza bulo.

Wanda ya yi magana a fili shi ne magini. Dattijo ne da ya fara da cura tubali a bayan mahaifinsa, ya san makuba da ake haɗawa da ɓawon ɗorawa, daga baya ya koma birkila da zamani ya juya. Da ya zo bai fara da awo ba. Ya ɗaga kai ya dubi indararon ɗakin Inna, ya ce, "Malam, ruwan nan ina zai bi?" Indararon a cikin fili yake zuba, gaba da rumfar kaɗan, ruwan ya gangara ya fita ta rariya. Sabon rufi zai tsaya a ƙarƙashin bakinsa, sabon bango kuma zai tare hanyar da ruwan ya saba bi. Sai an toshe shi an huda wani a gefe, an gyara gangaren rufin soron, an kuma ɗaga daɓen falon sama da tsakar gida. Malam bai sa ko ɗaya daga cikin waɗannan a lissafinsa ba.

Magini ya ƙara da abu uku. Na farko, bulo da ƙasa ba sa kama juna: bangon tubali yana shan danshi ya saki, yana motsi da yanayi, na siminti kuwa a sandare yake, don haka inda suka haɗu sai ya tsage, ko ba daɗe ko ba jima. Kada kuma a shafe tsohon bangon da siminti ta ciki don a ga kyau, domin danshi zai maƙale a baya, wata rana shafen ya ɓamɓaro da ƙasar da ke riƙe da shi. Na biyu, kwano ba silin tanda ce. Kaurin bangon ƙasa da rufin azara shi ke jinkirta zafin rana har dare ya yi, kwano kuwa da rana ta taɓa shi ya miƙo zafin ƙasa. Na uku, ƙofar Inna da 'yar tagarta duk cikin rumfar suke kallo; in aka rufe ta ruf, an rufe wa ɗakin ido da hanci. Shawararsa ita ce a ja bango iya ƙugu, a bar sama a buɗe da raga da manyan tagogi, a yi ƙofa mai faɗi biyu.

Malam ya ce, "Baba, duk yadda ka ce haka za a yi." Da gaske kuma yake. Sai dai a watan Fabrairun 2024 buhun siminti ya haura Naira 10,000 a wurare da dama, bayan janye tallafin man fetur a 2023 da faɗuwar darajar Naira sun riga sun ɗaga kuɗin kwano da katako da dako. Murabba'in mita guda na bango bulo goma ne ko kusa da haka, kuma ko da tsadar siminti ya fi tagar ƙarfe mai wannan girman araha. Da kuɗi suka fara ƙarewa, tagogi ne suka fara tafiya: uku suka koma ɗaya, ƙarama. Ƙofa mai faɗi biyu ta koma ta gama-gari. Silin aka ce sai bayan kaka. Abin da magini ya tsaya kai da fata a kai, har ya ce zai ajiye cokalinsa ya tafi, shi ne maganar ruwa, kuma ita kaɗai aka yi yadda ya so.

Zalunci ne a ce ɗakin bai yi amfani ba. Masu kukan bacewar ginin ƙasa da rufin kara galibi ba su ne ke hawa soro yaɓe duk shekara ba, ba su ne ke kwana suna matsar da tabarma daga ɗigo ba. Daminar farko ta zo ta wuce daɓen falon a bushe. Tsagar da magini ya faɗa ta fito a kusurwa, siririya, aka cusa mata ƙasa. Da kaka aka jera buhunan masara a ciki, ba ɓera ba danshi. Da hunturu ya kama, Inna ta sami inda za ta zauna da safe ba iska, tarin kuma ya yi sauƙi ƙwarai. Babbar jikarta, mai shirin jarrabawar fita sakandare, ta sami wurin karatu da fitila ba tare da ƙannenta sun hau kanta ba. Duk abin da Malam ya yi niyya ya samu. Bazara ce kawai ta tona asirin kwanon, domin daga hantsi zuwa la'asar ba mai iya zama a ciki, ɗakin Inna kuma ya yi duhun da sai an kunna tocila da rana tsaka kafin a nemo abu.

Sauyin da ba wanda ya shirya masa a hankali ya zo. Ɗaki mai daɓen siminti yana kiran leda, leda tana kiran kujeru. Da Malam ya kawo kujerun kushin daga Kano sai aka hana yara shiga da ƙafa, sannan aka hana su shiga gaba ɗaya, sannan aka sayo kwaɗo. Turmi ya koma gindin katanga, randa ta koma ƙofar madafa. Maƙwabtan da a da suke faɗowa ƙarƙashin rumfa da sallama ɗaya, yanzu sai su tsaya a bakin ƙofa, domin shiga falon mutane sai da izini. Baƙin Malam kuwa, waɗanda a da zaure ne iyakarsu sai in gaisuwa ta kama, yanzu nan ake wucewa da su kai tsaye, tunda nan ne wuri mafi kyau a gidan. Duk ranar da ya zo da baƙi, surukar sai ta ja hijabi a tsakar gidanta, ko ta shige ɗaki ta bar aiki. Iyakar da zaure da shigifa suke tsarewa ta matso har ƙofar uwar gida. Wata maƙwabciya ce ta ce wurin ya zama inuwar giginya, na nesa ka sha.

Harshe ma ya bi sawu. Rumfa kalma ce mai faɗi, akwai ta kasuwa, akwai ta mahauta, har da ta zaɓe, kuma duk abin da ya haɗa su shi ne rufi ba bango, wurin da ake shiga ta kowane gefe. Baranda da falo baƙi ne da suka shigo tare da ginin siminti, suka zo da nasu ladubban. Abin lura a gidan nan shi ne mallakar da ke bin sunan. Shekara da shekaru yara suna cewa rumfar Inna. Ba a yi wata uku da sa ƙofa ba suka koma cewa falon Baba Malam, ba wanda ya koya musu, alhali ta cikinsa Inna take bi ta shiga ɗakinta.

Shinkafa ce ta fi jin jiki. Tamfol ba ya shiga ƙofar gama-gari da kaya a kansa, ko da zai shiga ma ba mai yarda a baza shanshera a kan leda. Sau biyu hadari ya riski shanya a fili, sai da aka yi ta kwasa da kwarya ana zubawa a buhu, rabi ya jiƙe. Daga nan surukar ta koma ba samari suna kai mata shanya bakin titi suna gadi, ana biyan su a kan kowane buhu, kuma su ba ruwansu da jan tamfol zuwa inuwa. Mai inji ya fara cewa shinkafarta tana karyewa. Ribar da take zuba adashi da ita, wadda da ita take tara wa babbar 'yarta kayan ɗaki, ta ragu har ta sauka daga hannu biyu zuwa ɗaya. Ba ta ce da kowa komai ba. Mijinta ne, bayan kaka ta biyu, ya sari itace huɗu ya kafa wata 'yar rumfa a jikin bangon falon, ya rufa mata zana. Inna ta sa aka mayar da turmi can. Sai dai filin da sabuwar rumfar ta ci daga wurin shanya aka yanke shi, tsakar gidan da a da take ɗaukar tamfol uku yanzu biyu take ɗauka da ƙyar.

Maganar gado ta taso ne daga autar, da mijinta ya shiga wani hali ta nemi a fitar mata da haƙƙinta. Aka tara liman da mai unguwa da dattawa biyu masu sanin kuɗin gini. Rabon a bayyane yake: tumuni ga Inna, sauran a kasa biyar, kowane namiji biyu, mace ɗaya. Da aka zo ƙiyasta gidan sai aka yi abin da aka saba, aka ƙirga ɗakuna. Falon, da bulonsa da kwanonsa da ƙofar ƙarfe, ya tashi a kuɗin da ya kusa na ɗakunan ƙasa biyu a haɗe. Nan aka tsaya. Malam ya ce shi don Inna ya yi, bai yi don a sa masa a kasonsa ba, amma kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ba zai yiwu guminsa ya shiga dukiyar marigayi a raba masa shi ba. Ƙanensa, wanda bai taɓa ɗaga murya a gabansa ba, ya ce, "Yaya, ƙasar da ke ƙarƙashinsa fa ta mu duka ce, kuma kafin a gina shi wurin yana ciyar da gidan nan." Ɗaya daga cikin dattawan ya tambaya nawa za a ce rumfar ta kai a da. Ba wanda ya iya sa mata kuɗi, domin ba a taɓa sayar da irinta ba.

Liman ya ce a ji ta bakin Inna, tunda da sunanta aka yi ginin. Tana daga cikin ɗaki, autar tana tsaye a ƙofa tana kai magana tana kawowa. Ba ta ce komai a kan falo ba. Ta ce dirkokin ƙiryar nan shida da aka tuge ranar da za a haƙa harsashi, suna jingine a bayan rumbu, a sa mata su a cikin tumuninta, kada wani ya faskara su. Dattawan ba su sa su a lissafi ba tun farko. Liman ya karɓi takardar ya rubuta su a can ƙasa, ba tare da kuɗi a gabansu ba, aka ɗage maganar falon zuwa bayan an cire masara.